Allura ɗaya kafin wuƙa: yadda aikinmu yake tafiya a sashen tiyatar yara, Jidda

Lahadi, 8 ga Satumba 2024

Toh alhamdulillah, yau kwamitin da ke sa ido a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta a asibitinmu ya sa hannu, an ce mu fara. Waɗanda aka ɗora wa aikin su ne ni daga saidaliya, wato ɗakin ba da magani, da sistar da ke riƙe da ɗakin tiyata, 'yar Filifin ce ta daɗe a nan sosai, da likitan barci ɗan Sudan, sai wani ƙaramin likita ɗan ƙasa da yake koyon tiyatar yara. Abin da za mu bi shi ne antibayotik ɗin da ake ba yaro don rigakafi in za a yi masa aiki: wa ake ba, me ake ba shi, ƙarfe nawa, kuma sai yaushe ake dainawa.

Ni kam tun kafin a sa hannun na riga na zauna da fayil ɗin watannin baya, don duk takardar sallama ta tagata take wucewa, kuma abin da nake gani ya daɗe yana damuna. Yaro lafiyayye ɗan shekara biyu an yi masa aikin ƙaba, aikin da ko awa ɗaya ba ya kaiwa, ba a buɗe hanji ba, ba a sa masa ƙarfe ko wani abu a jiki ba, amma an yi masa allurar antibayotik ɗin seftiriyazon da safe a wod, an ƙara masa wata da dare, gari na wayewa a sallame shi da kwalbar Augmentin ta kwana bakwai. Gwaiwa haka, sauko da ɗan marainan da ya maƙale haka, ƙabar cibiya haka, har kaciya ma. Waɗannan su ne ayyukan da ake kira masu tsabta, kuma a jikin yaro mai lafiya yawancinsu ko allura ɗaya ba sa buƙata. Shi kuma wanda yake buƙata da gaske, irin mai afendis, sai ka ga an yi masa tasa ƙarfe 7 na safe lokacin da nas take zagayen magani, alhali ba a shiga da shi ba sai bayan azahar.

Ba wai likitocin nan ba su iya aiki ba ne fa, wallahi hannunsu da kyau. Abu ne kowa ya zo ya tarar ana yi, ba wanda ya tsaya ya tambaya.

Laraba, 18 ga Satumba

Mun zauna mun tsayar da ƙa'idojin da za mu dogara da su. Akwai wanda ƙungiyoyin likitoci da masu harhaɗa magani na Amurka suka fitar tare a 2013, shi ne ya kawo awon yara dalla-dalla, akwai na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016, sai na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na 2017. A kan abu biyu bakinsu ɗaya: allurar ta shiga jijiya kafin a tsaga fata, kuma in an gama aiki kada a yi ta jan maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin minti 120 kafin tsagawa, na 2013 sun ce minti 60, mu 60 muka ɗauka saboda sefazolin, antibayotik ɗin da za mu riƙa bayarwa, ba ya daɗewa a jini, cikin awa biyu ko ƙasa da haka rabinsa ya fita. Batun dainawa kuwa, na 2013 sun ce allura ɗaya ko dai kada a wuce awa 24, su CDC ma cewa suka yi a aiki mai tsabta da mai kusa da tsabta, da zarar an ɗinke fata shikenan, ko da an bar robar zuƙe ruwa a jiki.

Abin nan ba sabo ba ne, wannan shi ya fi ba ni mamaki. Tun 1961 wani likitan tiyata a Boston, John Burke, ya gwada a jikin dabbobi ya nuna cewa maganin yana aiki ne in yana cikin jiki lokacin da ƙwayoyin cutar suka shiga, in an bari awa uku ta wuce to kamar ba a bayar ba. A 1992 kuma wasu likitoci a Salt Lake City suka bi mutum 2,847 da aka yi wa aiki: waɗanda aka yi wa allurar cikin awa biyu kafin wuƙa, kashi 0.6 cikin 100 ne ciwonsu ya yi ruwa, waɗanda aka yi wa tun da wuri sosai kashi 3.8, waɗanda aka bari sai bayan awa uku da tsagawa kashi 3.3. Manya ne ba yara ba, amma fatar ɗan Adam da ƙwayar cutar ai iri ɗaya ne. Na rubuta alƙaluman nan da babban baƙi a takarda ɗaya, ita zan shiga da ita miting ɗin manyan likitoci.

Lahadi, 6 ga Oktoba

An yi miting ɗin, kuma an ɗauki zafi. Batun lokaci ba wanda ya yi musu, kowa ya gyaɗa kai. Da aka zo kan a daina ba masu ƙaba da gwaiwa komai, a daina rubuta sirof ɗin tafiya gida, nan babban likitan ya ajiye biro. Ya ce waɗannan ƙa'idojin an rubuta su ne don yaran Amurka, namu yaran suna komawa ɗaki ɗaya da mutum takwas, ga zafin Jidda ga gumi, ciwon yana ƙarƙashin famfas, uwa ba ta jin Larabci balle ta bi abin da aka gaya mata. Bai ambaci unguwa ba amma kowa a ɗakin ya san su Karantina da Sabil yake nufi, wato mutanenmu ke nan. Abin ya sosa min rai, sai dai kuma ba ƙarya ya yi ba game da cunkoso da zafi, ni na san gidajen nan, ina shiga biki da suna.

Na ce masa duktur, sirof ba ya wanke hannun uwa, ba ya canza famfas. In matsalar tsabtar gida ce da rashin jin yare to a nan ya kamata mu yi aiki, ni zan yi wa iyaye bayani da Hausa, akwai nas ɗin da za su yi da Urdu da Bangali. Ya yi shiru, sai ya faɗi ainihin abin da ke ransa, ya ce in ciwon yaro ya yi mugunya uban ya kira 937, layin ma'aikatar lafiya, ya kai ƙara, sunan wa ke kan takarda, naki ko nawa?

Toh nan ne gizo ke saƙar. Ba ilimi ne ya yi musu ƙaranci ba, tsoro ne. Likitan da ya rubuta magani ciwo ya lalace, za a ce ƙaddara ce ya yi iya yinsa. Wanda bai rubuta ba ciwo ya lalace, shi za a nuna da yatsa. Wanda kuma ya rubuta yaron ya yi ta gudawa kwana biyar duwawu ya saɓule, ba wanda zai dawo ya tuhume shi, don wani asibitin za a kai yaron. In ba mu taɓa wannan tsoron ba, ko takarda ɗari muka manna a bango ba abin da zai canza.

Abin da aka tsaya a kai: za a gwada a ayyuka masu tsabta kawai, a yara masu lafiya, ban da jarirai bakwaini da masu ciwon zuciya da masu raunin garkuwar jiki, ƙa'idar za ta fito da sunan kwamiti da sa hannun shugaban asibiti don kada ta zama ra'ayin likita ɗaya, mu kuma mun ɗauki alkawarin bin kowane yaro ta waya har kwana 30.

Talata, 15 ga Oktoba

An ɗauke allurar daga wod an mayar da ita ɗakin tiyata, yanzu likitan barci ne ke yin ta da hannunsa da zarar ya sa kanula. Mun manna ɗan kati a jikin injin barci: sefazolin miligiram 30 a kowane kilo, yaro mai kilo 10 miligiram 300, mai kilo 20 miligiram 600, kada a wuce giram 2. Metronidazol 15 a kilo in za a shiga hanji. Tambayar nan da ke cikin takardar binciken tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wai an ba da antibayotik cikin minti 60 da suka wuce, da ana sa mata alama ne kawai a wuce, yanzu sista ta ce ba ta miƙa wuƙa sai an faɗi ƙarfe nawa da baki kowa ya ji, ko a ce ba a buƙata.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Yau sai na tsawaita don abin da ya faru ya canza mana tsari. Wata dattijuwa ce daga Makka, ta wajen Shari Mansur, an yi wa jikanta aikin ƙaba an sallame su da Fevadol, wato farasitamol, kawai. Ta zo taga da takardar a hannu tana jujjuya ta, yaron yana saɓe a kafaɗar uwarsa yana barci, uwar yarinya ce ƙarama ba ta ce komai ba. Da ta ji na amsa wa wata da Hausa sai ta matso ta rage murya.

Ta ce, 'yar nan, ke tamu ce, ki gaya min gaskiya don Allah. Wancan karon da aka yi wa yayansa irin aikin nan an ba mu na kwalba mai garin nan da ake zuba wa ruwa a sa a firji. Yau ba su ba mu ba. Don sun gan mu baƙaƙe ne, ko kuɗin ne bai kai ba?

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Mu muna can muna lissafin minti da miligiram, ita kuwa a wajenta hana magani wulaƙanci ne, kuma ba za ka ga laifinta ba, wanda ya sha zama a bakin layi ana wuce shi dole ya yi wannan zaton. Na fito daga bayan taga na ja mata kujera. Na ce Inna, ba hana ku aka yi ba, ɗan kowa aka yi wa wannan aikin yau haka za a sallame shi. Maganin nan kamar mai gadi ne da ake tsayarwa lokacin da ƙofa take buɗe, in an rufe an sa sakata zaman me zai yi? Shi kuma aikin jikanki ƙofar ƙarama ce, an wanke wurin tas kafin a buɗe, an rufe nan da nan. Ta ce to ai rigakafi ya fi magani. Na ce haka ne Inna, amma wancan karon yayan nasa bai yi gudawa ba? Uwar ce ta ɗago ta ce ya yi, har bakinsa ya yi fari ya ƙi cin abinci, sun ɗauka haƙori ne.

Sai Inna ta ce toh ba komai, dama tana da Ampiclox a gida, wata 'yar Umara ce ta kawo mata daga Kano, da ja-da-yalo, in ta ga wurin ya yi wani iri sai ta fasa kafso ɗaya ta barbaɗa. Kun ji fa. Tun Afrilun 2018 ma'aikatar lafiya ta nan ta tsananta, saidaliyar da ta sayar da antibayotik ba takardar likita tararta tana kaiwa riyal 100,000, ga ƙwace lasisi ga ɗaurin da zai iya kai wata 6, kuma gaskiya dokar ta kama, amma jakar matafiya ba ta san da ita ba. Na roƙe ta da girman Allah kada ta barbaɗa komai, na nuna wa uwar yadda za ta naɗe bakin famfas ƙasa don kada ya goga ɗinkin, ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa, ta bar wurin a bushe, na gaya musu alamun da in sun gani su dawo ko da tsakar dare ne. Inna ta sa min albarka ta ce za ta gani.

Daga yau ba a sallamar kowa sai an gaya masa da baki, da yaren da yake ji, cewa da gangan ba a rubuta antibayotik ba kuma ga dalili. Na yi saƙon murya da Hausa na minti biyu da za a riƙa tura wa iyaye ta WhatsApp, don takarda ba kowa ke karantawa ba, amma saƙon murya har kaka da maƙwabta sai sun saurara.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Jiya aka rufe babban taron ministoci na duniya karo na huɗu a kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, a nan Jidda aka yi shi daga 14 zuwa 16 ga wata, gobe kuma makon wayar da kai yake farawa har 24. Asibiti ya cika da fosta. Ni dai na yi amfani da damar na sake shiga wajen ƙananan likitoci da maganar seftiriyazon, don shi ne abin da hannunsu ya saba rubutawa ko a barci.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku a tsarin da ake kira AWaRe, akwai na yau da kullum, akwai na sa ido, akwai na ajiya da ba a taɓawa sai an rasa mafita. Sefazolin yana gidan farko, seftiriyazon yana na sa ido. Abin da muke tsoro a tsagar fata yawanci ƙwayar staf ce da ke zaune a kan fatar yaron, kuma sefazolin ya fi dacewa da ita, shi kuwa seftiriyazon faɗinsa ya yi yawa, yana shiga hanji ya kashe na kirki ya bar masu taurin kai su yaɗu. A jarirai ma abin ya wuce haka: ba a ba jinjirin da ke da shawara, kuma ɗan ƙasa da kwana 28 ba a haɗa masa shi da ruwan da ke da kalsiyam, ruwan Ringer kuwa da ake ratayawa kullum a tiyata yana da shi. Wannan kam na ga idon wasu ya buɗe.

A Satumban nan shugabannin duniya suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kafin 2030 kashi 70 cikin 100 na antibayotik ɗin da ake ba mutane ya zama daga gidan farko. Binciken da aka fitar a 2022 ya ce mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma inda abin ya fi muni a duk duniya shi ne Afirka ta Yamma. Gida ke nan. Duk sanda na karanta wannan layin sai na tuna wod ɗin jarirai da na yi aiki kafin na zo ƙasar nan, yadda ake canza magani ana canzawa jinjiri bai ji ba.

Talata, 10 ga Disamba

Kiran waya ya fi duk sauran aikin wahala. Wata lambar a kashe, wata ta maƙwabci ce, wata ta mai gidan da uban yake yi wa aiki, wasu kuma in sun ga lambar ofis ba sa ɗauka sam, musamman waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, take da matsala, kuma na fahimce su. Yanzu tun kafin sallama muke cewa ga lambar da za ta kira ku, ku ajiye ta, ba ruwanmu da takardun kowa, ciwon yaro kawai za mu tambaya. Da na fara buɗe kiran da sallama da ina wuni ya mai jiki, sai ka ji murya ta saki.

Wani abu kuma, fom ɗin da muka samu yana tambaya ko wurin ya yi ja. A fatar yaranmu ja ba ya fitowa yadda yake a hoton littafi, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi. Mun canza tambayoyin: ya kumbura, in kin taɓa ya fi sauran jiki zafi, yana kuka in an taɓa fiye da jiya, akwai ruwa ko mugunya ko wari, ɗinkin ya buɗe, akwai zazzaɓi? Sannan a turo hoto da hasken rana ba na fitila ba. Mun ƙara tambaya ɗaya a ƙarshe, a hankali ba da faɗa ba, ko an ba shi wani magani daga gida. Wasu suna cewa eh.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Abin da babban likita yake tsoro ya faru. Yaro ɗan wata tara, aikin ƙaba, ba a ba shi komai ba, bayan kwanaki uwar ta turo hoto gefen ɗinkin ya kumbura yana fitar da mugunya. Muka ce su zo a ranar. A saman fata ne kawai, ba zazzaɓi, yaron yana shan nono, aka buɗe gefen aka matse aka wanke, aka ɗauki samfur aka kai lab, staf ce. Wanki da bandeji kawai aka yi ta yi ya warke.

Amma a satin nan duk wanda likitan ya sallama da sirof ya sallame shi. Ban je na same shi da gardama ba. Na koma tsofaffin fayil na zaro na yaran da aka ba sirof ɗin kwana bakwai kuma duk da haka suka dawo da mugunya, don akwai su, na haɗa da jerin duk waɗanda muka kira tun Oktoba suka warke lafiya ba magani, na ajiye masa a tebur. Da can yaron da ya warke ba ya dawowa, likita ba ya ganin sai wanda ya lalace, shi ya sa ɗaya take zame masa kamar goma. Yanzu ga sunayen waɗanda suka warke a gabansa, shafi bayan shafi. Abin da ya fi jan hankalinsa ma shi ne uwar ta turo hoto da wuri kuma uban bai kai ƙara ba, ya ma yi godiya da aka kira.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ya daina rubuta sirof ɗin. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Sabuwar matsala ita ce tambarin rashin jituwa da penisilin. Uwa ta ce yaro ya taɓa yin ƙuraje da aka ba shi amoksisilin yana mura, shikenan an buga ja a fayil, kowa ya guji sefazolin a koma kilindamaisin ko bankomaisin, shi kuma bankomaisin sai an ɗauki awa guda ana ɗiga shi, dole a fara tun da wuri, lissafin lokaci ya rikice. CDC ta ce a Amurka kusan mutum 10 cikin 100 ke cewa penisilin ba ya karɓarsu amma masu matsalar ta gaske ba su kai 1 ba. Likitan barci ya ce zai riƙa tambaya da kyau tun a asibitin duba kafin aiki: me ya fito, bayan awa nawa, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, fata ta saɓule? Masu irin waɗannan na ƙarshen ba a wasa da su. Sauran a tura su a tantance.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Mun shiga afendis. Nan dole a raba abu biyu da suke cakuɗe a kan mutane. Wanda afendis ɗinsa ya kumbura kawai bai fashe ba, allurar kafin aiki ta wadatar, sefazolin da metronidazol, an cire tushen cutar an jefar. Wanda ya fashe mugunya ta zuba a ciki, wannan ba rigakafi ba ne kuma, jinya ce ta kwanaki, ba mu hana kowa ba. Matsalar ita ce takardar aiki sau da yawa ba ta faɗin wanne ne, sai likitan dare ya zo ya ga afendis kawai ya ci gaba da magani don kada a ce. Yanzu sista tana tambaya kafin a fita daga ɗaki, ya fashe ko bai fashe ba, a rubuta.

Masu kwamfuta sun gyara mana sistem, duk antibayotik ɗin da aka zaɓa masa rigakafin tiyata yana faɗuwa da kansa bayan awa 24, mai son ci gaba sai ya rubuta dalili. Tuni na ga wasu sun gano hanya, suna zaɓar jinya maimakon rigakafi. Waɗannan ɗaya bayan ɗaya nake kiransu, in tambayi wace cuta ake jinya.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya juya komai. Ayyuka sun koma bayan tarawihi, ma'aikata sun canza, akwai likitocin barci da aka aro daga ɓangaren manya da ba su san katinmu ba, lokacin allura ya fara zamewa. An yi wani dogon aikin hanji da ya haura awa biyar ba a maimaita sefazolin ba, alhali duk awa 4 ake maimaitawa, kuma daga lokacin allurar farko ake ƙirgawa ba daga lokacin tsagawa ba, haka in jini ya zuba da yawa. Sista ta ware kusurwa a farin allo, da an yi ta farko sai a rubuta ƙarfe nawa ta biyu za ta kama, ta kuma sa ƙararrawa a waya. Duk wanda aka aro kuma, kafin ya taɓa yaro sai an nuna masa katin.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Bayan sallah abubuwa sun dawo daidai. A ayyuka masu tsabta yanzu ɗaiɗaiku ne ake ba wani abu, kuma in an bayar akwai dalili a rubuce. Seftiriyazon ya fita daga durowar ɗakin tiyatar yara, sai an nema daga wajenmu. Inda har yanzu muke fama shi ne afendis ɗin dare da ƙarshen mako, da kuma sababbin ƙananan likitoci, don duk zagayen da aka yi sai an faro bayani daga farko, shi ya sa muka nemi a sa mu cikin jadawalin ranar da ake karɓarsu.

Na gaba shi ne ɓangaren mafitsara, yaran da ake gyara wa ƙofar fitsari a bar musu roba ta kwanaki, likitansu ya riga ya aiko cewa shi ba zai daina ba da magani ba sai an cire robar, kuma wannan muhawara ce ta gaske ko a tsakanin masana, sai mun zauna da takardu. Masu ƙashi su ma suna jira, su in an sa ƙarfe bibiyar kwana 90 ce ba 30 ba, dole a samo wanda zai taya kiran waya tunda za a ɗebi ma'aikata da yawa zuwa aikin Hajji nan da 'yan makonni. Saƙon muryar kuma ana son na Fulatanci da na Barbarci, wata nas a wod ɗin mata ta ce za ta yi na Fulatancin ranar Talata in ta tashi aiki.